Darasin da Ke Tsayawa a Bakin Teku

Duk shekara ɗalibai kan taso daga jami'o'in Amurka su zo Gana su yi zangon karatu guda, kamar wata huɗu, sannan su koma gida su ƙarasa digirinsu. Wasu a Jami'ar Gana da ke Legon ake sauke su, wasu kuma a cibiyoyin da makarantunsu suka buɗe a Akra, irin wadda Jami'ar New York ta kafa a 2004. Kowa da abin da ya kawo shi: wannan tarihi, wancan kiwon lafiya, wata kiɗa da rawa, wani harshen Twi. Abin da ke haɗa su shi ne wata safiya da za a loda ajin gaba ɗaya a bas, malami na kujerar gaba, a miƙa yamma tafiyar kilomita kusan 150 zuwa Cape Coast da Elmina, inda manyan gidajen da Turawa suka riƙa tara bayi suke tsaye a bakin teku har yau. Da wuya ka ga shirin karatun baƙi a Gana da babu wannan fita a cikinsa.

Ina cikin masu ganin wannan fita ta fi laccocin zangon gaba ɗaya shiga zuciyar ɗalibi. Don haka ne ma nake ganin bai kamata a kau da kai daga yadda ake tsara ta ba. Ƙarshen hanya ake kai yaran, a nuna musu ƙofar da aka fitar da mutane, a juyo da su. Inda aka kamo mutanen, da wanda ya kamo su, da wanda ya saya ya sayar a kan hanya, sai dai a taɓa shi da jimla ɗaya ko biyu a wuce. Wannan ɓangare da ake tsallakewa kuwa ya shafe mu, domin da Hausa aka yi wani sashe na cinikin.

Bari dai mu fara ba ziyarar haƙƙinta. Gidan Elmina Turawan Fotugal ne suka gina shi a 1482, shekara goma kafin Kolumbus ya ƙetare teku, kuma zinariya ce ta fara kawo su. Mutanen Holan suka ƙwace shi a 1637, ya koma hannun Ingila a 1872. Na Cape Coast mutanen Suwidin ne suka fara kafa shi da katako a 1653, Turawan Ingila suka karɓe a 1664 suka mai da shi cibiyar harkokinsu a wannan gaɓa. Duk wannan ɗalibi zai iya karanta shi yana kwance a ɗakinsa a Boston ko Atlanta. Abin da littafi ba zai ba shi ba shi ne gangarawa da ƙafa.

A Cape Coast ɗan rakiya kan ja ajin ta wata hanya mai gangare zuwa kurkukun maza da ke ƙarƙashin ginin. Kana sauka haske na raguwa, iska na ƙara nauyi, gumi na keto maka tun ba ka yi taku ashirin ba. Ɗakuna ne na dutse da bulo, 'yar taga can sama kusa da rufi, da wata siririyar kwata da ta ratsa tsakiyar daɓe. Ɗan rakiyar zai ce a dubi ƙasa, ya bayyana cewa a wasu wuraren abin da ake takawa ƙazanta ce da jini da ragowar abinci da suka daskare shekara da shekaru har suka rufe bulon asali. Zai ce a nan akan cusa maza har dubu, su yi makonni, wani lokaci watanni, suna jiran jirgi. Sai ya ɗaga hannu ya nuna rufi: daidai saman kawunansu ɗakin da Turawan gidan ke ibadarsu ta Lahadi yake. Daga nan a wuce ɗakin da ake jefa waɗanda suka yi bore, wanda ba shi da taga ko ɗaya. A shigar da ɗalibai, a ja ƙofa, a kashe fitila. Abin bai fi minti guda ba, amma ko tari ba ka ji. A Elmina kuwa, kilomita goma sha wani abu gaba, tsakar gidan mata ce ke tsaya wa 'yan mata a rai: ga barandar da masu rakiya ke cewa gwamna na tsayawa ya zaɓi wadda ransa ya so, ga matakalar katako da ke hawa zuwa ɗakinsa, ga dunƙulen ƙarfen igwa da ake ɗaure ƙafar wadda ta ƙi a bar ta a rana.

Wanda ya ga wannan, alƙaluman da ya haddace don jarrabawa sai su yi masa wani irin nauyi. Mutum miliyan 12 da rabi aka loda a jiragen ruwa daga Afirka cikin ƙarni kusan huɗu, kimanin miliyan 10.7 suka sauka da rai. Daga gaɓar da ta zama Gana a yau sama da miliyan ɗaya suka fita. Akwai kuma lissafin da ke girgiza ɗan Amurka: waɗanda aka kai ƙasarsa kai tsaye ba su cika dubu 400 ba, alhali Birazil ta karɓi kusan miliyan biyar, kuma akasarin waɗanda jiragen Ingila suka ɗiba daga nan gonakin rake na Jamaika da Barbados da maƙwabtansu aka kai su. Yaron ya zo yana tsammanin labarin ƙasarsa zai gani, sai ya tarar labarin ya fi ƙasarsa faɗi. Ko wannan kaɗai ya biya kuɗin mota.

Inda abin ya fara karkacewa shi ne jadawali. Yadda aka saba, a ƙarshen mako guda ake haɗa gidajen bayi da gandun dajin Kakum, kilomita kamar 30 arewa da Cape Coast, inda tun 1995 aka rataya gadojin igiya bakwai tsakanin dogayen itatuwa, mita talatin ko fiye daga ƙasa. Da dare kuma otal ne a bakin teku, da gasasshen kifi da kiɗa. Ban ce shaƙatawa laifi ba ce, yara ne 'yan shekara ashirin. Amma a fito daga wancan ɗaki mai duhu a zarce lilo a kan igiya ana shewa, kamar a tashi ne daga zaman makoki a wuce kallon dambe da kayan ta'aziyya a jiki. Jadawalin da kansa yana koyar da abin da malamin bai nufa ba, wato cewa kurkukun ma tasha ce cikin tashoshin yawon buɗe ido. Da yamma za ka ga hotunan biyu sun hau Instagram a jere, ƙofar da ba a dawowa da gadar igiya, murmushin ma iri ɗaya.

Sannan ajin da ke cikin bas ɗin ba abu ɗaya ya zo gani ba. Akwai baƙar fata 'yar Amurka da ta yi shekaru tana mafarkin wannan rana, ta zo neman tushen kakanninta, sai ta ji yaran gari na kiranta obroni, sunan da suke kiran Bature da duk wani baƙo daga ƙetare. Akwai farar fata da ya rasa inda zai sa idonsa, yana tsoron ya yi magana a ce ya yi katsalandan, ya yi shiru a ce bai damu ba. In an yi sa'a akwai ɗan Gana ɗaya ko biyu, wanda tun yana firamare aka kawo su nan da motar makaranta, kuma a wurinsa ginin ya fi kama da babin mulkin mallaka a littafin tarihi. A bakin ƙofa samari kan tari baƙo da fara'a su tambayi sunansa. Yana fitowa, idonsa jawur, sai a miƙa masa ƙwanson teku an rubuta sunan nasa a kai, a ce ya taimaka da abin da ya sawwaƙa. Ƙarƙashin katangar kuma masunta na can suna ɗinkin koma kusa da kwalekwalensu masu fenti kala-kala, mata na cinikin kifi da ƙarfin murya. Wata ɗalibar takan ji haushi, ta ce ana kasuwa a kan kabari. Mutanen gari kuma abinci suke nema a garin da aka haife su, garin da ya fi ginin tsufa. Irin wannan saɓani ya taɓa fitowa fili a shekarun 1990, lokacin da aka gyara gidajen aka shafe su da farin fenti: hukuma na ganin ta ceto gini daga rushewa, baƙaƙen fatar Amurka da yawa na ganin an shafe shaida.

A nan aikin malami yake, kuma a nan da yawa suke zamewa. Sai a damƙa ajin ga ɗan rakiya na awa guda, malamin ya koma gefe yana ƙirga kawuna kada a bar wani a baya. Ɗan rakiya ya iya aikinsa, amma yau kaɗai ya zagaya da ƙungiya nawa, kuma ba shi zai zauna da yaran nan mako mai zuwa ba. Zaman da ya kamata a yi a daren, a bar kowa ya faɗi abin da ke cinsa, a sa ɗan Gana ya ji 'yar Amurka ita ma ta ji shi, shi ne ainihin ajin. In ba a yi shi ba, kowa zai koma Legon da abin da ya zo da shi, sai dai ƙarin ƙunci.

Duk wannan gyara ne na cikin gida. Babban giɓin yana kan taswira.

Mutanen da aka cusa a waɗannan ɗakuna da ƙafa suka iso, wasu daga tafiyar makonni. Wasu shirye-shiryen kan tsaya a Assin Manso, kilomita kamar 40 daga Cape Coast a kan hanyar Kumasi, inda rafin da ake yi wa bayi wankan ƙarshe yake. A can ne a 1998 aka sake binne ƙasusuwan mutum biyu da aka dawo da su, Samuel Carson daga Amurka da wata mace da ake kira Crystal daga Jamaika. Madalla da wannan. Amma Assin Manso ma zango ne na kusa da ƙarshe. Da yawa daga cikin waɗanda aka sayar a ƙarni na 18 fursunonin yaƙe-yaƙe ne tsakanin daulolin Akan, irin su Denkyira da Akwamu da Akyem da Asante. Da Asante, waɗanda kakanninmu ke ce wa Tonawa, suka yi ƙarfi suka rinjayi Gwanja da Dagwamba, sai suka ɗora musu haraji, kuma har da mutane a cikin abin da ake biya. Daga nan arewa ta zama rumbun da ake ɗiba.

Wanda ya ce Gwanja ya taɓo Bahaushe. Fataucin goro ne ya kai mu can. Ayari kan taso daga Kano ko Katsina ko Sakkwato, madugu a gaba, jakuna ɗaruruwa a baya, a ratsa ƙasar Bargu a bi ta Sansanne Mango da Yendi a sauka Salaga bayan wata biyu ko uku. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari da wannan hanya suka yi suna suka yi arziki. Suna kai rinannun tufafi da jar fata da kanwa da dabbobi, su komo da goro. Cikin hajar da ake kasawa a kasuwar Salaga har da mutane. Wanda ya je garin a yau za a kai shi filin tsohuwar kasuwar, a kuma nuna masa rijiyoyin da ake yi wa bayi wanka a shafe su da man kaɗe kafin a fito da su gaban masu saye. Wankan Bayi ake kiran wurin, da Hausa, har gobe.

Mai ilimin tarihi zai iya tare ni ya ce ai Salaga ta yi tashenta ne a ƙarni na 19, bayan Ingila ta haramta wa jiragenta ɗaukar bayi a 1807, don haka yawancin waɗanda aka sayar a can ba su ga teku ba: gonakin Tonawa da ramukan zinariya da dakon kaya suka ƙare. Gaskiya ne. Ni a wurina wannan ne ma babban dalilin zuwa. Ɗalibin da ya tsaya a Cape Coast zai tafi da tunanin cewa ranar da jirage suka daina zuwa bauta ta ƙare. Wanda ya isa Salaga zai ga cewa da aka rufe ƙofar teku sai kasuwar ta juyo cikin gida, ta ci gaba da ci har kusan ƙarshen ƙarnin. Yaƙin basasar 1892 ne ya tarwatsa garin, mutanensa suka watsu zuwa Kete Krachi da sauran zangonni. Cikinsu har da Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano da ya rasu a Kete Krachi a 1934, wanda ya bar rubuce-rubuce da Larabci da ajami a kan rayuwar ƙasar Hausa da ya sani.

Gaba da Salaga, dab da iyakar Burkina Faso, akwai Pikworo a Paga, sansanin da aka riƙa tara kamammu, inda har yanzu ake ganin ramukan da aka fafe a jikin dutse ana zuba musu abinci. A Gwollu akwai ragowar ganuwar da mutanen gari suka gina don tsare kansu daga mahara. A Sandema kuwa Bulsawa na bikin Feok duk ƙarshen shekara, suna tunawa da ranar da suka kori rundunar Babatu, jarumin Zabarmawa da ya taso daga ƙasar Nijar ta yau ya addabi Gurunsawa a shekarun 1880 da 1890, ya rasu a Yendi a 1907. Akwai Hausawa a rundunarsa, kuma wani Malam Abu ne ya rubuta labarin yaƙe-yaƙensa da ajami. A waɗannan garuruwa ɗalibi zai zauna da jikokin waɗanda aka kai wa hari, da jikokin waɗanda suka yi turjiya, abin da bango a Elmina ba zai iya gaya masa ba.

Kuma kada wani ya ɗauka Bahaushe a gefen mai sayarwa kaɗai yake. Yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 19 sun jefa Hausawa da yawa hannun dillalai, aka fitar da su ta Legas da Wida zuwa Bahia a Birazil, inda suka kitsa bore a 1807, suka kuma shiga tawayen Musulmi na 1835. Rundunar da wani Bature mai suna Glover ya kafa a Legas a 1863, wadda aka sani da Hausawan Glover, bayi ne da suka gudo suka cika ta. Al'umma ɗaya, ga ta a kujerar dillali, ga ta a cikin mari. Duk ɗalibin da ya fahimci wannan ya wuce matakin raba duniya gida biyu, mugaye can, bayin Allah nan.

Na san uzurin da masu tsara shirin za su kawo: nisa da kuɗi. Akra zuwa Tamale ya haura kilomita 600, wuni guda ne a mota. Amma jirgin sama awa ɗaya yake yi, kuma da yawa daga shirye-shiryen nan dama suna zuwa arewa. Suna kai yara gandun Mole kallon giwaye, su tsaya ɗaukar hoto a tsohon masallacin Larabanga, wasu har Paga su je su riƙe wutsiyar kada a tafkin kadoji. Daga tafkin nan zuwa Pikworo 'yan mintoci ne. In akwai man zuwa gaida kada, ban ga yadda za a rasa na zuwa wurin da aka ɗaure mutane ba.

Uzurin da ya fi wannan nauyi shi ne tsoron kada a wanke Bature. Ana gudun ɗalibi ya koma gida yana cewa ai su suka sayar da junansu. Tsoron yana da tushe, don akwai masu neman wannan magana ido rufe. Sai dai ɓoye rabin labari ba ya kare kowa. Yaron zai ji shi wata rana daga bakin wanda zai murɗe shi, ya kuma zargi malaminsa da rufa-rufa. Gara ya ji shi a Salaga, sannan ya gangaro kudu zango-zango ta Kumasi da Assin Manso, ya iso Cape Coast a ƙarshe. A lokacin zai ga girman ginin da igwoginsa da ɗakunan ajiyarsa ya san wa ya kawo jirage da bindigogi da jari, wa ya buɗe gonakin da ba sa ƙoshi da mutane, ba tare da an ɓoye masa hannun 'yan gida ba. Littattafan da za su share masa hanya suna nan: Lose Your Mother na Saidiya Hartman, 2007, wadda ta bi sawun har Salaga da Gwollu, da ƙagaggen labarin Ayesha Harruna Attah, The Hundred Wells of Salaga, 2018. Abin da za a kiyaye shi ne ladabi. A Gana tono asalin mutum babban abin kunya ne, Tonawa ma tun zamanin da sun hana shi, kuma a arewa jikokin mai saye da na wanda aka saya gari ɗaya suke, wani lokaci gida ɗaya. Ba a shiga irin wannan wuri da kyamara a gaba. Jami'ar da ke Tamale tun 1992 tana da malaman da suka san ƙofar da ake sallama.

To, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ina ta ƙorafi a kan ɗaliban Amurka, alhali su ko rabin darasin sun samu. Yaranmu na Nijeriya da Nijar da ke karatu a jami'o'in Gana fa, da samarin zangon Nima da na Kumasi? In ƙungiyar ɗalibai ta haɗa kuɗin fita, bakin teku ne ko Kakum. Da yawanmu mun karanta Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa a makaranta, labarin yaron da aka sace da uwar da ta bi sawunsa ita ma ta faɗa hannun masu sayar da mutane. Mun amsa tambayoyi a kansa mun ci jarrabawa, ba wanda ya ce mu tashi mu je mu ga inda irin wannan ya faru. Kuma abin ba na zamanin jahiliyya ba ne: sai a 1936 aka soke bauta kwata-kwata a dokar Arewacin Nijeriya, Nijar kuwa a 2003 ta mai da ita laifin da ake ɗaure mutum a kai.

Shugabannin ƙungiyoyin ɗalibanmu da ke Legon da Kumasi da Tamale, in za ku haɗa kuɗin bas a hutu mai zuwa, ku sa Salaga a jadawali. Ku roƙi malamin tarihi ya raka ku, ku aika wa dattawan gari tun kafin ku taso, in da hali ku gayyaci baƙin nan da kuke haɗuwa da su a ɗakin lacca su biyo ku. Su sai da tafinta za su ji abin da tsofaffin Salaga za su faɗa, ku kuwa da Hausa za a yi muku bayani. Daga Tamale kilomita kusan 120 ne.